Izinin Barci

Tun da jami'ar ta daina ɗaukar sababbin malamai, allurar hana barci ake yi wa waɗanda suka rage, don su koyar dare da rana. Da hantsi Dakta Asabe ta shiga ofishin shugaban sashensu, Farfesa Gambo, neman izinin barcin dare ɗaya.

"Ranka ya daɗe, tun rasuwar mahaifiyata ban gan ta ko a mafarki ba."

"Allah ya jiƙanta. Amma wa zai riƙe miki azuzuwanki, Dakta? Ki bari sai bayan jarrabawa."

Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Bara ma haka na ce miki, ko?"

"Haka ka ce, ranka ya daɗe."

Ta naɗe hannun rigarta, ta bi layin allura.