Shuɗiyar Raga a Maƙabartar Masunta

Keken dokin tsoho Baay Magat bai gama tsayawa a bakin gadar ƙarfe ba, Ndumbe ta riga ta hango baƙinta na yau. Wata Baturiyar Sifen ce mai suna Pilar, riƙe da hannun 'yarta, yarinya wankan tarwaɗa da ba za ta wuce shekara shida ba.

"Ki kira ni Nene," in ji Ndumbe da yaren Sifen. Ta gaji da yadda Turawa ke kakkarya mata suna, shi ya sa ta samo musu mai sauƙi.

Tsohon ya kaɗa linzami yana 'yar dariya. "Yau ma 'yan Sifen ne, ɗiyata? Faransawa sun ci miki wani abu ne?"

"Kai dai kula da dokinka, Baba. Wallahi ya fi ka tsufa."

Tsokana ce kawai, don ya san dalili, kuma duk unguwar masunta ta Get Ndar an sani. Shekara goma da ɗoriya ke nan da mijinta Birame ya shiga kwalekwalen masu tafiya Sifen, daga nan shiru. Yayyenta sun yi magana har sun gaji: a yi masa sadaka, ta yi takaba, ta sake aure. Ta ce a nuna mata gawa. Ta bar shanyar kifi, ta koyi yaren mutanen can da ƙyar da jiɓin goshi, ta zama mai zagayawa da baƙi cikin tsohon garin Ndar, don kawai idan an gama zagaye ta tambaye su ko sun taɓa jin wani Birame Faal. Addu'arta ɗaya ce kullum: Allah ya sa yana raye, ko a ina yake.

Ana sauran 'yan kwanaki ya tafi, Birame ya shimfiɗa shuɗiyar ragarsa a kan kabarin mahaifiyarsa, yadda masunta ke yi wa nasu. Ya ce, "Ki kula min da ita har in dawo." Tun daga ranar, duk Juma'a sai ta je ta ɗinke inda iskar teku ta ci.

Kofaton doki na ƙwas-ƙwas a kan titi, bakin Ndumbe na aikinsa. Ga gidajen fatake na da masu baranda, ga rumbunan da aka tara ƙaro kafin a loda wa jirage. Pilar tana gyaɗa kai, amma hankalinta na wani wuri. Yarinyar kuwa, da aka tsaya a kasuwa wata tsohuwa ta miƙa mata ƙosai, sai ta ɗan rusuna ta karɓa da hannun dama.

"Kai! Wannan an koya mata," in ji Baay Magat.

"Yasin, ki ce kin gode," in ji Pilar, sannan ta juyo wajen Ndumbe. "Babanta ɗan ƙasarku ne. A tashar jiragen kifi yake aiki, duk 'yan Ndar da ke can ba wanda bai sani ba."

Ndumbe ta ƙura mata ido. Shekara da shekaru tana tambayar malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata masu yawon buɗe ido, mutanen da ko warin kifi ba su sani ba. Yau ga matar wanda ke tsakiyar masunta. Ta so ta yi tambayar nan take, ta danne. A bari a gama tukuna, kada a ce ta cika zalama. Amma sau biyu tana rikita sunayen tituna.

"Lafiya dai, ɗiyata?" tsohon ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Yi min addu'a, Baba. Ina jin yau ce."

Da suka tsallaka zuwa Get Ndar, Pilar ta ce ba ta son ganin kwalekwale, a kai ta maƙabartar masunta. Ndumbe ba ta yi mamaki ba, baƙi na son ɗaukar hoton kaburbura masu raga. Suka sauka, yashi na cika musu takalma. Ta fara bayanin da ta saba yi, amma Pilar ba ta tsaya ji ba. Tana tafe tana duba itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda aka yi wa kwatance, har ta isa gindin wata karkatacciyar bishiya kusa da katanga.

Nan ta tsaya, ta rufe kanta da ɗankwali, ta durƙusa. Ta kama hannun yarinyar ta ɗora a kan shuɗiyar ragar, daidai inda sabon zare ya fi haske.

"Yasin, gai da kakarki. Sunanta kika ci."

Ndumbe ta ja da baya. Ta dafa bishiyar.

Pilar ta ɗago da hawaye a idonta, tana murmushi. "Dubi yadda aka kula da shi, kamar jiya aka shimfiɗa! Birame zai ji daɗi. Ya so ya zo, aiki ne ya riƙe shi. Ya ce wata ƙanwarsa ya bar wa amanar kabarin, in nemo ta in yi mata godiya. Sunanta Ndumbe. Don Allah, Nene, kin san ta?"