Ɗaki da Falo a Hawa na Biyar

Awatif ce ta fara fita, ta ce burodi za ta sayo. Jim kaɗan Fikri ya biyo bayanta da ledar shara, ya ajiye ta a ƙofar bene, ko waiwaye bai yi ba. A bayan shagon mai guga suka haɗu, suka faɗa adaidaita, suka sunkuyar da kai har sai da aka bar layinsu. Sannan dariya ta ƙwace musu, irin wadda har direba sai da ya leƙo su ta madubi.

Tun bayan biki a falo suke kwana, bayan wani labule da aka rataya a igiyar shanya. Gidan nasu na Shubra ɗaki uku ne, kowane ɗaki da iyali guda. Haya a Alƙahira ta fi ƙarfin kowa, don haka babu mai tashi, sai dai a ƙaru. Banɗaki layi ake yi masa tun asuba. In Fikri ya matso zai raɗa wa matarsa magana, sai wani ya ɗaga labule yana neman cajar waya.

Sun taɓa tayar da zancen su kama wurin kansu, aka yi musu caa. Ku biyu kaɗai? Wa zai sa muku ido? Kun ma san yadda gari yake yanzu? Har da mai kuka. Daga ranar suka daina faɗa, suka koma nema a ɓoye.

Dillalin, wani dogo mai suna Ragab, yana jiransu a unguwar Faisal. Da ya hango su riƙe da hannun juna, ya buɗe hannuwa yana danne murmushi.

"Maraba da ango da amarya! Sai dai fa babu lifta, da ƙafa za mu hau."

Suka kama hawa. A kowane hawa sai sun tsaya. Fikri ya ce yana duba ingancin ginin ne, Awatif ta ce ƙarya yake, haki yake yi, ya ce ai ita ce ta rataye masa a kafaɗa. Ragab ya riga su kaiwa sama, ya zauna a matakala yana jira.

Gidan bai kai a kira shi gida ba. Ɗaki ɗaya, falo kamar tabarma biyu, fenti yana ɓarewa, famfo yana kuka kafin ya kawo ruwa. Ta taga babu abin gani sai rufin maƙwabta da kejin tattabaru.

Awatif ta shige banɗaki, ta rufe ƙofa, ta buɗe, ta sake rufewa, ta sake buɗewa.

"Fikri! Babu kowa a layi!"

Shi kuwa ya riga ya miƙe a tsakiyar falo, ya ware hannuwa da ƙafafu, yana shaida wa silin cewa bai taɓo kowa ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya nuna mata. Gida ne. Ya kife ta a ƙasa.

Nan Ragab ya gyara murya. Mai gidan ya yi ƙari a kan abin da aka faɗa musu da farko, kuma sai an ba shi na wata biyu a gaba. Akwai wani malamin makaranta da zai zo bayan la'asar, kuɗinsa a aljihu. Wanda ya riga, shi ke da mukulli.

Dariyar Fikri ta ɗauke. Abin da suka tara a ɓoye ba zai kai ba, kuma ya sani sarai idan suka koma Shubra yau hannu wofi, an gama da su. Zuwa yanzu an lura babu burodi, babu mai sayen burodi. Za a sa musu ido, ba za su ƙara fita tare ba.

Yanzu wayarta ce ke ruri.

Awatif ta naɗe hannun riga, ta kama awarwaronta biyu na zinari, na ranar baikonsu. Suka ƙi fita. Ta shafa musu sabulun da ta tarar a bakin famfo, ta murza, ta cije leɓe, suka zame.

"Ba waɗannan ba, Awatif."

"Kai ka sayo mini su. Yau ni zan saya maka ƙofa."

Kafin a kira la'asar an auna zinari a shagon bakin titi, an sa hannu, mukulli ya shiga jakarta. Suka sake kama benen, wannan karon su kaɗai, da robar kushari biyu, wato haɗin shinkafa da taliya, da kek ɗin basbusa mai nason zuma, wadda a gida ko ƙanshinta ba a barin Fikri ya ji. Ya kulle ƙofa har sau biyu. Suka shimfiɗa jarida, suka ci da hannu, suna gardamar inda gado zai zauna alhali wuri ɗaya ne kawai zai ɗauke shi.

Wayoyin biyu suka kama kuka tare. Suka dubi juna, ita ta toshe baki, shi hawayen dariya yana bin kumatunsa.

"Ɗauka ke," in ji shi. "Ke suka fi tsoro."

Ta goge yatsu, ta danna. Muryoyi suka ɓarke a lokaci guda, maza da mata, wani na cewa an duba asibiti, wata na cewa a kira 'yan sanda. Ta bari sai da suka gaji.

"Nadir, saurara, ka faɗa wa yayyenka biyu da matanku duka. Tun bikinka muke kwana a falo. Gidan mun bar muku, ni da ubanku mun tashi. Ku kawo mana jikokinmu ranar Juma'a, amma ku ƙwanƙwasa kafin ku shigo."