Igiyar Pandu

Tun da sassafe tsohuwa Bi Mwanakombo ta soya mandazi, wato fanken garinsu, ta ƙulle a gefen zane, ta tasa jikokinta uku a gaba har bakin tekun Kizimkazi. Makame da Faki suna ta tsalle-tsalle kamar an kwance 'yan awaki. Ƙanwarsu Tatu tana biye, riƙe da bakin zanen kakarta, shiru.

Wata bakwai ke nan Tatu ba ta ce uffan ba. Tun ranar da aka fita da gawar uwarta yarinya ta ɗinke baki. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibitin birni, duk a banza. Abu ɗaya ya rage wa tsohuwa. Marigayiya ta taɓa yi wa Tatu alkawarin za ta kai ta ganin dolfin, wata dabbar teku mai siffar kifi, ba ta kuwa samu cikawa ba. Sau biyu Bi Mwanakombo tana sa yaran a jirgi, sau biyu suna dawowa ko wutsiya ba su gani ba. Lokacin iska ne, garken duk ya yi nisa.

Mai sayar da kwakwa ce ta ja ta gefe. "Iya, ki nemi Pandu masunci. Kwana uku ke nan a jere, in ya fita da mutane sai sun gani."

Da ta tambayi masu jirage inda Pandu yake, ɗaya ya tofar da yawu, ɗaya ya juya mata ƙeya. Hassada dai, in ji ta a ranta, mutum ya fi ku sa'a sai ku tsane shi.

Pandu kuwa ga fara'a, da hannunsa ya ɗaga yaran ɗaya bayan ɗaya ya zaunar. Illarsa kawai wani wari da ke tashi daga jirgin, har tsohuwa ta toshe hanci.

"Kai ɗan nan, ba ka wanke jirginka ne?"

"Iya, jirgin masunci kika shigo, ba ɗakin amarya ba!"

Dokokinsa biyu ne: ba mai sa ƙafa a ruwa, ba mai leƙa bayan jirgi. Sannan ya tayar da inji ya riƙa tafiya a hankali, ka ce ƙwai ya ɗauko.

Ba su yi nisa ba ta ɓullo, wata shirgegiyar dolfin mai launin toka, ta fesar da numfashi dab da su. Faki ya ƙwala ihu. Makame ya ce, "Ita kaɗai ce?"

"Ita kaɗai ta ishe ku," in ji Pandu.

Ta kuwa ishe su. Wasu jirage biyu suka sheƙo a guje da baƙi, suna bubbuga ruwa, suna kira, ko kallo ba su ishe ta ba. Jirgin Pandu take bi. Ta nutse ta dama ta fito ta hagu, ta goga jiki a katako, ta sake nutsewa ƙarƙashi.

Tsohuwa ba dolfin take kallo ba, fuskar Tatu take kallo. Idanun yarinya sun buɗe, amma bakin yana nan a rufe. Pandu ya lura. Akwai wata igiya ɗaure a bayan jirgi, ta miƙe ta shige ƙarƙashi. Ya kamo ta ya miƙa wa Tatu.

"Zo, 'yar Baba. Riƙe nan. Ja sau ɗaya ki ga ikon Allah."

Tatu ta ja. Nan take dabbar ta yi ƙasa kamar an harba ta, ta taso ta yi tsalle sama gaba ɗayanta, tana wani irin fito mai tsini, ta faɗo ta jiƙe su sharkaf. Tatu ta sake ja. Dabbar ta sake nutsewa, ta sake tashi.

Sai yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kaka! Kaka, kin gani? Tana jin maganata!"

Wayyo Allah. Bi Mwanakombo ta rushe da kuka, tana Alhamdulillahi, tana ambaton sunan 'yarta marigayiya. Daɗi irin wannan ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta.

"Baba, me ya sa take kuka haka?" in ji Tatu.

"Waƙa take yi miki. Ja mata, ja!"

Tatu ta yi ta ja har tafin hannunta ya yi jawur. Surutu kuwa sai ka ce an fasa tulu, na wata bakwai take ramawa. Da suka juyo gida dabbar ta rako su, ba ta tsaya ba sai da cikinta ya kusa gogar yashi.

A bakin gaɓa yaran maza suka dira suka yi kan mandazi. Tatu ta ƙi sauka.

"Kaka, gobe ma mu dawo?"

"Wallahi kullum, 'yar nan. Kullum!" Ta juya ga Pandu tana share hawaye. "Allah ya yi maka albarka, ya raya maka naka. Wai wane abinci kake ɗaura mata a igiyar nan da take so haka?"

Pandu ya yi dariya yana naɗe ragarsa. Tatu na tsaye a gefensa, igiyar har yanzu a hannunta.

"Abinci kuma, Iya? Ai kwana uku ko ɗan kifi ba ta haɗiya ba. Jaririnta ne ya faɗa mini raga ya mutu, na ɗaure shi a ƙarƙashi, in an ja ya motsa sai ta zaci ya farfaɗo. In za ku dawo ku zo gobe da wuri, don ya fara ruɓewa, ba zai kai jibi ba."