Ranar Cire Tabarau

Tun da kowa ya koma sanya tabarau ɗin nan mai sauya kamanni, ba a ganin mutum sai da fuskar da ya zaɓar wa kansa. Rumasa'u ta zaɓi tata tun tana sakandare: dogon hanci, fata sumul. Da ita saurayinta Nafi'u ya san ta.

Yau ce ranar cire tabarau. Kafin iyaye su sa ranar biki, sai saurayi ya zauna a zaure ya kalli budurwarsa da ƙwayar idonsa.

Tun safe Rumasa'u ta kasa zama. Ta ɗauko kwallin kakarta, ta zizara ya dame, ta goge, ta sake, domin ba ta taɓa koyon sawa ba.

"Iya, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Yaya nake?"

Tsohuwar, wadda ba ta taɓa yarda da tabarau ba, ta ce, "Kamar jiya. Tashi, yaron mutane na jira."

A zaure Nafi'u ya cire tabarau ɗinsa. Ya kalli faffaɗan hancinta, da tabon ƙuraje a kumatunta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi.

"Wallahi, Rumasa'u, kin fi kyau a haka."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta sunkuyar da kai tana dariya. Ta ɗago za ta ba shi amsa, sai ta ga har ya mayar da tabarau ɗinsa.