Ɗalibin da Ya Haddace Littafin da Bai Karanta Ba

Kai da kake cewa muddin yaro ya ci jarrabawa magana ta ƙare, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani ɗalibi a ajin ƙarshe na sakandare, mai kaifin ƙwaƙwalwa. Malamar adabin Turanci ta raba musu wani littafi mai kauri, labarin wata tsohuwa a ƙasar sanyi wadda ƙanenta ya shiga jirgin ruwa bai dawo ba. Ɗalibin ya buɗe, ya ga rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa, sai ya cusa shi ƙarƙashin katifa. Ya je kasuwa ya sayo wani siririn littafi da aka taƙaita labarin a ciki, har da amsoshin insha'i shiryayyu, ya haddace su tas. Da la'asar malamar takan tara sauran a inuwar darbejiya tana karanta musu, tana tsayawa tana warware kalmomi masu wuya. In ya zo wucewa yakan ji dariya ta tashi. Wata rana kuma ya tarar da wata yarinya a cikinsu tana share hawaye da bakin hijabi. A ransa ya ce, ɓata lokaci. Ranar jarrabawa alƙalaminsa bai huta ba, da sakamako ya fito kuwa babu wanda ya kama ƙafarsa.

Shekaru suka ja har furfura ta fara leƙo masa. Rannan suka haɗu da tsofaffin 'yan ajinsu a wajen wani suna. Ana cikin cin waina sai ɗaya ya ce, "Kun tuna inda tsohuwar nan take ta girka abincin mutum biyu?" Nan take wuri ya ɗauka. Wannan ya kwaikwayi muryar malama, wancan ya ƙarasa masa jimlar, wani yana ta murmushi. Shi kuwa ya san sunan tsohuwar, ya san garinsu, har jigon labarin yana iya zayyanawa, amma ya zauna a cikinsu kamar baƙon da bai san ango ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ta cigiya har ya samo littafin wajen mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, ya dinga karantawa a hankali. Da ya kai inda tsohuwar ta ajiye kwano na biyu ta zuba wa ƙofa ido, sai ya rufe littafin, ya kasa ci gaba. Babu abin da yake so irin ya ji yadda malama ta karanta wurin nan, a ina ta ja numfashi, me ta ce musu bayan ta ɗago kai. Ya tambayi gidanta, aka ce ai ta daɗe da rasuwa. Ya koma ya ƙarasa littafin shi kaɗai, babu wanda zai juya ya kalla.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.