Inda Babu Yashi

Da jifan gwangwanin fenti Sharfaddeen ya yi wa Bubayero sallama. Gwangwanin ya same shi a kunne, shuɗin fenti da jini suka gangaro tare a wuyan rigarsa.

Ƙarfe goma na safe ne, Tudun Wada cike da jama'a. A bakin shagon Bubayero ga a-kori-kura tsaye, an ɗaure ƙaramin jirgin kamun kifi a bayanta. Tun daga Dadin Kowa Sharfaddeen ya ɗauko shi, washegarin sadakar ukun ƙaninsa Nuruddeen.

Duk masuncin da ke dam ɗin Dadin Kowa ya san aikin Bubayero. Zai kankare daɓen jirgi, ya shafa fenti, ya barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi tun fentin yana ɗanye, in ya bushe ya sake bi da wani fentin. Ko man ja ka zuba a kai, ƙafa ba ta zamewa. Shekara shida yana yi wa jirginsu haka. Bana Nuruddeen ne ya kawo shi, shi ya karɓo. Fitarsa ta farko da shi, yana jan koma, ƙafarsa ta kwashe, ƙeyarsa ta daki bakin ƙarfe, ruwa ya tafi da shi.

Sharfaddeen ya shaƙo wuyan Bubayero, ya ja shi ƙiiii har cikin motar, ya kifa fuskarsa a goshin jirgin. Ko'ina kaushi ne kamar dutsen niƙa, ban da nan. Wani ɗan fili ne mai kusurwa huɗu, sumul, gefensa a miƙe sambal.

"Shafa! Ina yashin, Bappa? Ina yashin?"

 Bubayero mutum ne ƙaƙƙarfa, da ya so da hannu ɗaya zai wurgo Sharfaddeen ƙasa. Amma ko kare fuskarsa bai yi ba. Shirunsa shi ya ƙara haukata Sharfaddeen. Ya kafta masa karo da ka, har tsohon ɓawon ciwon da ke goshin shi Sharfaddeen ɗin ya ɓare, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya bi shi da gwiwa a haƙarƙari, wani abu ya yi ƙas.

Wani tela ya yi ƙoƙarin hawa motar, ya sha ƙafa a ƙirji. Sauran suka ja baya suna salati. Wa zai shiga gaban wanda ya binne ƙaninsa da hannunsa?

"Ka ce ganganci ne! Ka ce ha'inci ne! Ka dai ce wani abu!"

"Ka doke ni, ɗana," in ji Bubayero, jini na bin haƙoransa. "Hakan ya fi sauƙi."

Sharfaddeen ya rarumo gudumar da ke gindin injin. Ya take hannun daman Bubayero a kan santsin, hannun da ya yi aikin. Zuciyarsa tafasa take, so yake ya ji wani ma ya rasa abin da ba ya dawowa. Ya sauke gudumar sau ɗaya. Yatsu biyu suka lanƙwashe ta inda ba sa lanƙwasuwa. Ya sake ɗagawa.

Sai ga Inno, matar Bubayero, wadda ita ke tankaɗe masa yashi, ta faso taron babu ko mayafi. Ta kama gefen motar tana kuka.

"Inno, yi shiru!" Bubayero ya daka mata tsawa, karon farko da ya ɗaga murya.

"Wallahi ba zan yi ba, sai dai ka sake ni!" Ta juyo ta dubi Sharfaddeen ido cikin ido. "Sau uku Malam yana hana ƙaninka, a gabana. Nuruddeen ne ya auna wurin da igiya, ya roƙa a bar shi babu yashi. Ya ce nan kai yayansa kake sallah, yashin yana tsaga maka goshi."