Jarkar Magani Daga Durba

Ina cikin wanka na ji shi, wani ɗan ƙullutu mai tauri a nonona na hagu. Tun daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. A asibitin Kano suka ɗebi ɗan nama da allura don gwaji.

Amiru, wanda aka sa mana rana da shi, ya zo zance bayan la'asar. Ko gaisuwata bai amsa ba, ya dire wata jarka a kan tabarmar zaure.

"Hajiyarmu ce ta aika garin Durba aka karɓo miki jiƙo. Afra'u, da iliminki kika bari aka soka miki allura? Kowa ya san ciwon daji ba ya son ƙarfe."

"Ashe har ka gaya wa Hajiya?"

Ya kau da kai. "Ta ce idan yankewa za a yi, a ɗaga bikin."

"A ɗaga ko a fasa, Yaya Amiru?"

Ya tsura wa takalminsa ido.

Na ce masa, "Innata da kake durƙusawa kana gaisarwa, nono ɗaya gare ta. Aikin likita ne ya bar mini ita, ba jiƙo ba!"

"Wallahi ina sonki."

"To ɗauke jarkarka. Ranar Alhamis zan koma karɓar sakamako. In da gaske kake, ka same ni a tashar Rano."

Ya juya ya fita. Yau Talata. Sakamako bai fito ba, shi ma bai kira ba.